Darasi na 14: Ɗaurin Ƙusoshi a Jikin Jirgin Sama Haɗin Gida

A Amurka doka ta yarda mutum ya haɗa jirgin sama a garejin gidansa, ya yi masa rajista, ya shiga ya tashi da shi, har daga baya ya ɗauki iyalinsa. Sharaɗin da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, wato FAA, ta gindaya shi ne a ce fiye da rabin aikin hannun mai sha'awar ne ya yi shi, kuma don neman ilimi ko nishaɗi ya yi. Masu wannan sha'awa suna da ƙungiyarsu, EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, kuma duk shekara sukan taru a garin Oshkosh na jihar Wisconsin da jiragen da suka haɗa. Kamfanin da ya fi suna wajen sayar musu da sassa shi ne Van's Aircraft na jihar Oregon, wanda Richard VanGrunsven ya kafa a farkon shekarun 1970. Jiragensa da ake kira RV, waɗanda aka gama haɗawa har suka tashi, sun haura dubu goma. Irin wannan jirgi ya taɓa zuwa ƙasarmu ma: Air Beetle, wanda aka harhaɗa kimanin guda 60 a Kaduna don horar da matuƙan sojan saman Nijeriya, tushensa samfurin RV-6A ne na wannan kamfani.

Abin da kan iso wa mai haɗin a cikin akwatunan katako shi ne falle-fallen alminiyam, haƙarƙarin fukafukai, dogayen ginshiƙai, da jakunkuna cike da ƙananan ƙusoshi. Fatar jirgin, wadda akasari ake yi da gaurayen alminiyam mai lamba 2024-T3, a wurare da yawa kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Irin wannan alminiyam ba a yi masa walda, domin zafi yana kashe ƙarfinsa, yana kuma tsattsage shi. Saboda haka jirgin nan, daga hanci har jela, ƙusa ce ke riƙe da shi: ribit fiye da dubu goma, sa'annan bol da noti da sukuru ɗaruruwa. Magana guda wannan darasi ke son tabbatarwa. A jikin jirgin sama, shigar ƙusa rami da ɗaurewarta tam ba su isa a ce an sa ta daidai ba. Sai lambarta, da tsawonta, da ƙarfin ɗaurinta, da makullinta sun dace da abin da zanen injiniya ya ce, an kuma auna an gani. Abin da ya sa aka tsananta haka shi ne, ƙusar da aka sa daidai da wadda aka sa a kuskure kamarsu ɗaya muddin jirgi na ƙasa. Duka biyun suna sheƙi, duka biyun ba sa motsi in an taɓa su. Bambancinsu sai a sama yake bayyana, wataƙila bayan awa ɗari na jijjiga, a inda babu gefen hanyar da mutum zai faka ya buɗe bonet.

Mu fara da bol. Waɗanda ake amfani da su a ƙananan jirage suna bin wani ma'auni da sojojin Amurka suka tsara tun da daɗewa, shi ya sa lambarsu ke farawa da harufan AN. Lambar kanta bayani ce. AN3 kaurinsa 3/16 na inci ne, AN4 kuwa 4/16, wato rubu'in inci, haka abin ke hawa. Lambar da ke bin layin tsakiya, kamar 5 a cikin AN3-5A, tsawo take nunawa, kuma tsawon yana ƙaruwa ne da 1/8 na inci, shi ya sa daga 7 ake tsallakawa zuwa 10. Harafin A na ƙarshe yana nufin ba a huda wutsiyar bol ɗin ba. Kowane bol yana da sashe biyu: jiki sumul daga ƙarƙashin kai, sai tiredi a ƙarshe inda noti ke hawa. Yawancin bol ɗin jirgi nauyin da ke kansu na yanka ne, wato ƙarafa biyu da aka haɗa suna son zamewa, ɗaya gaba ɗaya baya, kamar bakin almakashi. Sashen sumul aka yi don ɗaukar wannan nauyi. Idan bol ya yi gajarta har tiredinsa ya faɗa cikin rami, an yi ɓarna biyu lokaci ɗaya. Ta farko, a gindin tiredi ƙarfen ya fi siranta, kuma kowane kwarin tiredi wuri ne da tsaga ke son farawa. Ta biyu, haƙoran tiredin ƙarfe ne mai tauri, bangon ramin kuwa alminiyam ne mai laushi, don haka duk jijjigar inji sai haƙoran su riƙa cin bangon kamar zarto, har ramin da aka huda kewayayye ya koma kamar ƙwai. Idan kuma bol ya yi tsawo, noti zai ƙure a ƙarshen tiredi kafin ya matse komai. Sifana za ta tsaya cak, hannu zai ji an ɗaure, alhali ƙarafan da ke tsakani a sake suke. Wannan na biyun ya fi ban tsoro, domin ya zo da duk alamun aikin da ya yi kyau.

Gyaran tsawo shi ne aikin washa. Ƙa'idar da littafin FAA mai lamba AC 43.13-1B ya shimfiɗa, wanda shi ne madogarar masu gyaran ƙananan jirage idan kamfani bai ba da nasa umarnin ba, ita ce tsawon sashen sumul ya yi daidai da kaurin abin da ake haɗawa, ko ya ɗan ɗara kaɗan a cike da washa. Akwai washa mai kauri, kimanin 1/16 na inci, akwai siririya mai rabin haka. Idan kaurin washar da aka jera ya kai 1/8 na inci ba a kai ga gyara ba, to bol ɗin ne bai dace ba, sai a sauko da lamba ɗaya. Bayan an ɗaure, dole a ga aƙalla zagayen tiredi ɗaya cikakke ya leƙo bayan noti. Washa mai tsaga kuwa, wadda makanikai ke sa wa mota don hana noti kwancewa, ba ta da gurbi a ginshiƙan jirgi, domin bakinta yana karce alminiyam, karce kuma mafarin tsaga ne. Al'adar masu aikin ita ce a sa kan bol a sama ko ya fuskanci gaba, don ko noti ya faɗi bol ɗin ya zauna a raminsa. Amma inda zane ya nuna akasin haka, zane ake bi, domin sau da yawa akwai wani abu mai motsi a kusa da wutsiyar za ta iya tokarewa.

Sai ƙarfin ɗauri, kuma a nan ne mafi yawan sababbin hannu ke faɗawa rami. Bol ɗin da aka ɗaure yana miƙewa kaɗan, miƙewar da ido ba ya gani, kuma wannan miƙewa ce ke matse ƙarafan da juna. Idan matsin ya isa, nauyin da ke zuwa yana tafiya a lokacin tashi ba ya girgiza bol ɗin sosai. Idan bai isa ba, kowane bugun iska da kowane zagayen farfela sai ya ja bol ɗin ya sake shi, sau miliyoyi, har ƙarfen ya gaji ya karye kamar wayar da aka yi ta lanƙwasawa. Idan kuma an wuce gona da iri, bol ya miƙe miƙewar da ba ya komowa, ko tiredin noti ya cinye, ko alminiyam ɗin da ke ƙasa ya lotse. Jadawalin littafin ya ba AN3 mai cikakken noti inci-fam 20 zuwa 25, AN4 50 zuwa 70, AN5 100 zuwa 140. Yana da kyau mai karatu ya tsaya ya ji ƙanƙantar adadin farko: kamar a rataya nauyin kilo ɗaya ne a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 25. Yatsu biyu sun isa. Mutumin da ya saba da notin tayar mota, in aka bar shi da hannunsa, zai ninka haka sau da yawa bai ma san ya yi ba. Akwai kuma tarkon ma'auni: sifanar awo ta mota yawanci da fut-fam ake karanta ta, kuma fut-fam ɗaya inci-fam 12 ne, don haka wanda ya rikita su zai tsinke AN3 nan take, ko kuma, abin da ya fi muni, ya bar shi a bakin tsinkewa. Adadin jadawalin na busasshen tiredi ne mai tsabta. Mafi yawan ƙarfin da hannu ke zubawa a sifana gogayya ce ke cinye shi, kaɗan ne ke komawa miƙa bol, saboda haka ɗigon mai a tiredi yakan sa adadi iri ɗaya ya miƙa bol fiye da kima. Noti mai kulle kansa kuma yana da turjiya tun kafin ya taɓa washa. Ana auna wannan turjiya a ƙara ta a kan adadin jadawali. Kuma noti ake juyawa, a riƙe kan bol, sai fa inda wuri ya hana.

Ɗauri kaɗai ba ya hana noti warwarewa a jikin abin da ke rawa awa da awa, don haka kowane noti na jirgi yana da makulli, kuma zaɓen makullin ba ganin dama ba ne. Noti mai zoben nailan a ciki yana da sauƙin aiki, amma nailan ba ya jure zafin da ya wuce digiri 250 a ma'aunin Faranhait, kimanin 120 a Salshiyas, shi ya sa kusa da salansa da sauran wurare masu zafi a ɗakin inji ake sa mai kulle na ƙarfe zalla. Inda bol ɗin kansa ke juyawa a matsayin ƙyaure, juyin zai iya kwance noti mai nailan sannu a hankali. Can sai bol mai hudajjiyar wutsiya da noti mai tsage-tsage a ka kamar zankayen soro, a zura fil ɗin kota sabo, a lanƙwasa ƙafafunsa. Idan tsagar notin ba ta yi daidai da hudar ba, ba a kwance shi baya don a samu daidaito, ba a kuma zarce iyakar ɗauri. Ana farawa daga ƙaramin adadi a matsa zuwa babba, in ba ta samu ba a canja washa. Bol ɗin da ke shiga cikin ƙarfe ba tare da noti ba, kamar wasu na farfela da na birki, waya ake ɗaure kansu da ita, mai kaurin 0.032 na inci a yawancin wurare, a murɗe ta sau shida zuwa takwas a kowane inci, a kuma bi da ita ta ɓangaren da in bol ya so kwancewa wayar za ta ƙara tsukewa. Wayar da aka bi da ita ta ɗaya ɓangaren ado ce kawai. Game da sake amfani da tsohon noti mai nailan, gwajin yana da sauƙi: in yatsa ya iya murza shi ya wuce zoben, ya gama aiki. Ranar 16 ga Satumba, 2011, a gasar tseren jirage ta Reno a jihar Nevada, wani jirgin yaƙi na dā samfurin P-51 da aka yi wa gyare-gyare ya faɗa kusa da 'yan kallo, matuƙin da mutum 10 suka mutu. Hukumar binciken haɗura ta Amurka, NTSB, ta gano cewa zoben cikin notocin da ke riƙe da wani ɗan ƙaramin falle a jelar jirgin ya lalace, sukurorin suka saki, fallen ya shiga kaɗawa har mahaɗinsa ya karye.

Wani zai ce, kuma da gaskiyarsa ta wani gefe, ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Makanikin da ya shekara talatin yana aiki yakan ɗauki bol ya faɗi lambarsa kafin ya duba, hannunsa kuma ya san inda noti ke cewa ya isa. Wannan gwaninta gaskiya ce, ita ce ke riƙe da motocin da muke hawa kullum, kuma ba abin rainawa ba ce. Sai dai kimar ido tana da iyaka, kuma kurakuran da ke kashe mutane a jirgi a ƙasan wannan iyaka suke. Ranar 10 ga Yuni, 1990, jirgin British Airways mai lamba 5390, samfurin BAC One-Eleven, ya tashi daga Birmingham ta Ingila zuwa Malaga ta Sifen. Yana kimanin ƙafa 17,300 sai gilashin gaban kyaftin ya fice, iska ta fizgi kyaftin Tim Lancaster, rabin jikinsa ya fita waje, ma'aikatan jirgin suka riƙe ƙafafunsa har mataimakinsa ya sauke jirgin a Southampton. Allah ya yi da sauran kwana, babu wanda ya mutu. Bincike ya nuna cewa daga cikin bol 90 da suka riƙe gilashin, 84 sun gaza kaurin da ake bukata da 0.026 na inci, wato kashi biyu cikin uku na milimita ɗaya, sauran 6 kuma kaurinsu daidai ne amma sun gaza tsawo da 0.1 na inci. Wanda ya sa su ƙwararre ne mai shekaru a bakin aiki. Da dare ya yi aikin, ya ɗauki tsohon bol ya gwada da sababbi da ido, bai buɗe littafin sassa ba. Gwanintarsa ce ta ba shi ƙarfin guiwar tsallake littafin. In haka ta faru da wanda aikinsa ke nan kullum, ina ga likita ko malamin makaranta da ke haɗa jirginsa na farko bayan ya taso daga aiki a gajiye?

Wani kuma zai kawo maganar kuɗi da ƙarfi. A shagunan kayan gini na Amurka akwai bol mai daraja ta 8, wanda ƙarfin jurewarsa ya kai fam 150,000 a kowane inci murabba'i, alhali na AN mafi ƙarancinsa 125,000 ne. Ga shi ya fi ƙarfi, ga araha, ga shi a bayan gida. Me zai sa a jira saƙo? Adadin gaskiya ne, amma ƙarfin ja ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da injiniya ya lissafa. Bol ɗin shago tiredinsa dogo ne, sashen sumul ɗinsa gajere, don haka da wuya a kauce wa shigar tiredi cikin rami. Ba a tsananta daidaiton kaurinsa kamar na jirgi ba, sai ya yi sako-sako a ramin da aka huda don AN. Na jirgi an lulluɓe shi da sinadarin kadmiyam, wanda ke zaman lafiya da alminiyam. Ƙarfen da bai dace ba, musamman wanda ba ya tsatsa, in danshi ya shiga tsakaninsa da alminiyam, alminiyam ɗin ne ke ruɓewa ya zama farin gari. Uwa uba, bol ɗin jirgi da aka saya a hannun dillali na ƙwarai ana iya bin sawunsa har zuwa rukunin da aka ƙera shi a ciki, na kwandon shago kuwa alamar da ke kansa ce kaɗai shaidarsa. A ganina wannan ita ce hujja mafi rauni a cikin duk waɗanda ake kawowa, domin kuɗin ƙusoshin jirgin gaba ɗaya ɗan kaɗan ne in aka ajiye shi kusa da kuɗin inji. Haka ma mai cewa ai injiniyoyi sun bar rara. Sun bari, galibi ana tsara jiki ya jure ninki ɗaya da rabi na nauyi mafi girma da ake sa ran zai ɗauka. Amma an lissafa wannan rara ne bisa zaton cewa ƙusar da zane ya ambata ita ce a wurin, kuma an tanade ta ne don guguwar da ba a zata ba da bambancin da ba a rasawa tsakanin falle da falle. Wanda ya cinye ta tun a gareji ya tashi ba shi da ita.

Ribit kuwa, wanda shi ne mafi yawa, ƙa'idarsa lissafi ce mai sauƙi da aka gina a kan kaurinsa. Iri biyu aka fi amfani da su: AN470 mai tudun kai, da AN426 mai kai shafaffe da ke nutsewa daidai da fata. Harufan AD da ɗan ɗigon da ke tsakiyar kansa suna nuna gaurayen 2117, wanda ake bugawa yadda ya zo ba sai an gasa shi ba. Mai kaurin 3/32 na inci tsinken huda mai lamba 40 ake yi masa rami da shi, mai 1/8 kuma lamba 30. Daga tsakiyar rami zuwa bakin falle kada ya gaza ninki biyu na kaurin ribit, in ba haka ba nauyi zai yage bakin. Tsakanin ribit da ɗan'uwansa kada ya gaza ninki uku. Wutsiyar da ta leƙo kafin bugu ta zama ninki ɗaya da rabi. Bayan mutum ɗaya ya buga da bindigar iska, ɗaya kuma ya tare da ƙaramar maƙera ta hannu daga ciki, kan da wutsiyar ta zama faɗinsa ya kai kimanin ninki ɗaya da rabi, tsayinsa rabin ninki. Ga ribit mai 1/8 ke nan faɗi ya kusa milimita 5, tsayi kuma milimita ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya, kuma akwai ɗan ma'aunin ƙarfe da ake ɗorawa a kai a gani. Kafin duk wannan akwai aikin da ya fi gundura: bayan an huda, a warware sassan, a goge kaifin da ke bakin kowane rami gaba da baya, a share ɓarɓashin da ya maƙale tsakanin falle da falle. Ɓarɓashin da aka bari yana hana fallayen haɗuwa, kaifin da aka bari kuma ƙananan tsagogi ne da ke jiran jijjiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga ribit mai shafaffen kai, siririyar fata lotsa ta ake yi da maƙoshi na musamman, mai kauri ce kaɗai ake fafe bakin raminta. In aka fafe siririya, bakin ramin ya koma kamar wuƙa, ba abin da zai riƙe. Ribit ɗin da ya saki yakan tona asirin kansa bayan an yi ta tashi, da baƙin layi kamar hayaƙi da ke bin bayansa, wanda garin alminiyam ne da gogayya ta niƙa.

A nan akwai ƙorafin da ya cancanci a saurare shi sosai, domin daga bakin tsofaffin masu haɗa jirgi yake fitowa. Sukan ce tsananin neman kamala ya ɓata fallaye fiye da yadda sakaci ya ɓata. Sabon hannu ya ga ribit ya ɗan karkace, ya ɗauko injin huda ya cire shi, tsinken ya zame, ramin ya faɗaɗa, ribit na biyu ya fi na farko muni, na uku kuma sai an nemo mai kauri. Wannan gaskiya ne. Ribit ɗin da kansa ya ɗan gaza kyau amma yana cikin iyaka, barinsa ya fi alheri. To amma a lura da abin da ke raba wanda za a bari da wanda za a cire. Mai cire ribit don bai yi masa kyau a ido ba, da mai barin ribit don ya gaji da aiki, kuskurensu ɗaya, duka biyun sun bar zuciya ta yanke hukuncin da ma'auni ya kamata ya yanke. Ma'aunin da ke cewa cire wannan, shi ne kuma ke cewa ƙyale wancan. Ribit ɗin da ya tsage, ko ya kwanta gefe har bakin rami ya bayyana, ko aka ga rata tsakanin fallayen, fita zai yi, kuma da dabara: a huda kan kaɗai, a karya shi da tsinke, a tare bayan fallen a fitar da sauran. Ashe ƙorafin nasu ƙarin hujja ne ga bin awo.

Saura mai cewa an cika zuzuta batun ƙusa, tunda ba ita ce kan gaba wajen kayar da waɗannan jirage ba. A 2012 hukumar NTSB ta fitar da nazari a kansu, ta nuna cewa a 2011 jiragen haɗin gida kusan kashi 10 cikin ɗari ne na ƙananan jiragen ƙasar, amma su ke da kimanin kashi 15 na haɗura da kashi 21 na waɗanda aka rasa rai, kuma mutuwar inji da kuɓucewar jirgi daga hannun matuƙi su ne suka fi yawa. Fukafukai ba su cika ɓallewa ba, wannan haka yake. Amma ya kamata a tambayi abin da ke cikin kalmar mutuwar inji. Notin bututun mai da aka murza da yatsa aka ce za a dawo a ɗaure, da bol ɗin sandar totur da aka manta ba a sa masa kota ba, in suka saki inji ne zai mutu, kuma a layin inji za a rubuta su. Sa'annan ƙarancin ɓallewar fukafukai shaida ce cewa yawancin masu haɗin suna bin zane. Ba za a ɗauki amfanin da ƙa'ida ta haifar a mayar da shi dalilin watsi da ita ba. Doka ma ba ta ɗauke wa kowa wannan nauyi ba. Jami'in da ke zuwa duba jirgin kafin a ba shi takardar tashi yana zuwa ne a ƙarshe, lokacin da aka riga aka rufe fukafukai da tankunan mai; abin da ke ciki mai haɗin ne kaɗai ya gani. Bayan haka akwai awoyin gwaji, 40 a yawancin lokuta, waɗanda ake yi a keɓaɓɓen yanki kafin a yarda a ɗauki fasinja, kuma sau da yawa mai haɗin ne da kansa ke zaune a kujerar.

Shi ya sa masu hankali a cikinsu ba sa dogara da tunawa. Duk notin da aka ɗaure da sifanar awo, nan take ake ja masa layin fenti mai haske daga noti zuwa wutsiyar bol. Fentin ba ya kulle komai. Amfaninsa shi ne notin da ba shi da fenti an san ba a gama da shi ba, wanda fentinsa ya tsage kuma an san ya motsa. Notin da aka sa na wucin gadi akan bar shi a sake ƙarara ko a rataya masa ƙyalle, don kada wata shida nan gaba ya yi kama da gamamme. Ana ɗaukar hoton kowane sashe kafin a rufe shi, ana rubuta abin da aka yi da ranar da aka yi shi. Ƙungiyar EAA tana da masu ba da shawara na sa kai, tsofaffin hannu, da ke zuwa gareji su duba aiki tun yana buɗe, kuma baƙon ido yakan ga kotar da ta ɓace a wurin da mai aikin ya kalla sau hamsin bai gani ba, domin shi abin da ya san ya kamata ya kasance a wurin yake gani. Aikin da aka yi bisa lamba da awo wani na iya zuwa ya tabbatar da shi. Wanda aka yi bisa jin hannu kuwa, mai hannun kaɗai ne shaida.

Wanda ke da niyyar shiga wannan fanni daga cikinku, ko ta haɗa nasa ne ko ta koyon gyaran jirage a makaranta irin ta Zariya, ya fara da guntayen falle biyu da ba za su taɓa tashi ba. Ya ja layi, ya auna nisan baki, ya huda, ya goge, ya buga ribit ashirin, ya ɗora ma'auni a kan kowane ɗaya ya rubuta abin da ya samu. Ya ɗaure noti biyar da hannu yadda yake jin sun isa, sa'annan ya ɗaure wasu biyar da sifanar awo ya ji tazarar da ke tsakani. Kada ya taɓa ginshiƙin fiffike sai wanda ya fi shi sani ya duba waɗannan guntaye ya ce sun yi.